Babi na Bakwai: Kwano Mai Murfi

Mai suyar tempura ba shi da abokin gaba kamar laima. Tun da safe yake fama da ita. Zai tsane jatan lande ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya matse ruwan da ke maƙale a jelarsa da bayan wuƙa don kada ya yi tartsatsi a mai, ya tankaɗe fulawa ya ajiye ta a wuri mai sanyi. Duk wannan ɗawainiya don ɓawon da zai fito daga kasko ya yi ƙaras a baki ne. Amma da ka ce masa tendon kake so, sai ya ɗauki abin nan da ya sha wahala a kansa ya tsunduma cikin wani baƙin romo mai zaƙi, ya jera a kan shinkafar da ke tashin tururi, in tsohon gida ne ma ya ɗauko murfi ya kife. Kafin kwanon ya iso gabanka rabin ƙaras ɗin ya tafi. Da gangan aka yi haka, kuma mutanen Tokyo sun haura shekara 100 suna bin layi su saya.

Tendon dai tempura ce a kan shinkafa, cikin kwanon tangaran mai zurfi da ake kira donburi. Yana da 'yan'uwa da yawa a wannan kwano. Akwai na gasasshen kifin unagi, wanda shi ne babban wansu. Akwai na naman sa da albasa, wanda gidan Yoshinoya ya fara sayar wa 'yan kasuwar kifi ta Nihonbashi a 1899. Akwai na kaza da ƙwai. Akwai kuma katsudon, wanda ya kamata baƙo Musulmi ya haddace sunansa don ya kauce masa, domin naman alade ne. Dukkansu abincin mai sauri ne: kwano ɗaya, hannu ɗaya, ka ci ka tashi wani ya zauna.

Kafin mu buɗe murfin, bari mu leƙa ƙullun, don a nan bambancin yake. Uwar gida da ta saba da ƙosai ta san ƙa'ida: ka bugi ƙullu har hannunka ya gaji, in bai bugu ba ƙosai ba zai tashi ba. Mai tempura ya ji wannan sai ya kama baki. Shi fulawa ce mai rauni yake nema, wadda ba ta da danƙo sosai, ya zuba ta cikin ruwan ƙanƙara da aka fasa wa ƙwai, ya ɗan cakuɗa da wasu kaurara tsinkayen katako sau kaɗan ya bari. Gudaje na yawo a ciki, busasshen gari na maƙale a gefen kwano, ko a jikinsa. Dalili shi ne alkama in ta sha ruwa mai ɗumi ta sha juyi, danƙonta yakan farka, ƙullun ya yi yauƙi, abin da za a soya ya fito da kaurin riga mai shan mai. Sanyi da rashin juyi su ke hana danƙon tashi. Shi ya sa ba a kwaɓa mai yawa a ajiye. Kaɗan-kaɗan ake yi, yana ƙarewa a sake.

Man kuwa yakan kai digiri 170 zuwa 180. Da abin ya faɗa ciki, ruwan da ke jikin ƙullun zai tsere a guje ya bar ƙananan ƙofofi, wannan shi ne ƙaras ɗin. Abin da ke ciki kuma bai taɓa mai ba sam, tururin jikinsa ne ke dafa shi cikin rigarsa. Masu sana'ar sukan ce su turarawa suke yi, ba suya ba, kuma wanda ya gutsiri kifin ya ga yadda ya fito fari tas yana naso ba zai yi musu gardama ba. Ba sa duba agogo. Kunne ke aiki: da fari kumfar manya ce mai hayaniya, can sai ta ƙanƙance, ƙarar ta koma siririya, to lokacin tsamewa ya yi.

Asalin dabarar ba ta Japan ba ce. A 1543 Turawan Fotugal suka fara sauka a tsibirin Tanegashima, bayansu 'yan mishan suka biyo, Nagasaki ta zama tashar jiragensu. Sun zo da bindiga, sun zo da burodi da wani kek da har yau ake yi a Nagasaki, sun kuma zo da al'adar tsoma kifi ko ganye cikin ƙullun fulawa a soya, abin da suke ci a ranakun da cocinsu ya hana nama. Har gobe a Lisbon ana soya ɗanyen wake haka. A 1639 aka kore su daga ƙasar baki ɗaya, suyar ta zauna. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa gidan sarautar sojan da ya mulki Japan sama da shekara 250, soyayyen kifi ya ci ya wuce kima a 1616, cikinsa ya ɓaci har ta kai shi ga kabari. Masana tarihi sun fi karkata ga cewa kansar ciki ce ta kashe shi, amma masu tempura ba su taɓa jin haushin labarin ba.

Inda abin ya samu gindin zama shi ne Edo, wato Tokyo ta yau. A ƙarni na 18 mutanen birnin sun kai miliyan ɗaya, kuma maza sun fi mata yawa nesa ba kusa ba: barorin hakimai da doka ta tilasta wa zaman babban birni, kafintoci, 'yan dako, 'yan ci-rani da suka baro iyali a ƙauye. Gwauro ba ya girki. Ga shi birnin duk katako ne da takarda, kuma babbar gobarar 1657 ta cinye yawancinsa, ta hallaka dubun-dubatar mutane. Ɗora kaskon mai a cikin gida ya zama abin tsoro, don haka suyar ta koma bakin titi, a ƙananan rumfuna da ake kafawa a gindin gada ko ƙofar wurin ibada. A daidai lokacin man girki ya yi araha saboda noman ridi da na wani tsiro mai furen rawaya da suke kira natane ya bunƙasa. Kifi kuma ga shi a bakin ƙofa, a mashigin tekun da birnin ke kallo. Sai a soke shi a tsinke, a soya, mai saye ya tsoma cikin kwanon romon da kowa ke tsomawa, ya ci a tsaye ya ƙara gaba.

Ɗora shi a kan shinkafa ya zo ne a ƙarni na 19, kuma gida fiye da ɗaya na cewa shi ya fara. Wanda aka fi ambata shi ne Sansada, da ke daf da babbar ƙofar Kaminarimon a unguwar Asakusa, wanda ke ƙirga shekarunsa daga 1837. Daikokuya, a unguwar dai, ya buɗe a 1887 yana sayar da taliyar soba kafin tendon ya rinjayi cinikin. Dote no Iseya, can wajen tsohuwar unguwar Yoshiwara, na nan tun 1889. Murfin kuwa ba ado ba ne. Yaran shago ke kai abinci gidaje da wuraren aiki, dole a rufe kada ya huce ko ƙura ta faɗa. Mutane suka saba da ɗanɗanon abin da ya kwanta ƙarƙashin murfi, har ya zama in ba a rufe ba suna ganin ba a gama dahuwa ba.

Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatun injiniya a Tokyo shi ya kai ni inda na ci nawa, wani ɗan shago a lungu, nesa kaɗan da hayaniyar masu yawon buɗe ido. Tun kafin mu ɗaga labulen ƙofa ƙamshi ya tare mu, kuma hancina ya riga idona gane wurin: ridi ne, soyayyen ridi, ba ko tantama. Ƙamshin ya kama bango, ya kama kanta, katakon rufin ya yi baƙi da shi. Kujerun ba su fi goma ba. Wata dattijuwa ta ajiye mana shayi marar sukari da ɗan tawul mai zafi na goge hannu, mai gidan kuma yana bayan kanta, bai ko ɗago ba.

Na zuba masa ido. Jatan landen a miƙe suke sambal, abin da ba halittarsu ba, don an tsattsaga cikinsu da wuƙa an danna bayansu har jijiyar ta saki. Ya riƙe jela, ya bi da shi cikin busasshen gari, ya tsoma a ƙullu, ya sake shi a mai a hankali. Sai ya tsoma yatsu cikin ƙullun ya yarfa ɗigo-ɗigo a kan wanda ke soyuwa, ɗigon ya manne ya yi tsiro ta ko'ina. Yaron ya raɗa mini cewa wannan na tendon ne kawai, don rigar ta yi kaurin da za ta sha romo. Bayansa aka saka anago, wani dogon kifin teku mai siffar maciji da aka tsaga aka shimfiɗe, sai yankan kabewa, da ɗan koren tattasai da aka huda don kada ya fashe, da wani dunƙule na ƙananan jatan lande da ganye da ake kira kakiage. Yana tsamewa ya kaɗe sau biyu, ya tsoma cikin tukunyar romo. Ji kake cuuu. Ya jera kan shinkafa, dattijuwar ta kife murfi, jela biyu da kan anago suna leƙe ta gefe saboda kwanon ya yi musu kaɗan.

Na laluba aljihu zan ɗauki hoto.

"Kawu, ajiye wayar nan," in ji yaron. "Abin nan ba ya jiran kowa."

Da na ɗaga murfin, abin da na gani ba shi da kyan tempurar da ake gani a hotuna. Launinsa ya yi duhu, ya kwanta, yana ƙyalli. Loma ta farko zaƙi ne ya fara dukan harshena, kuma bakin da ya tashi da yaji da daddawa sai ya ɗan yi turus, don bai saba haɗa sukari da kifi ba. Kafin in gama mamaki gishirin ya biyo, sannan ɗanɗanon hayaƙin busasshen kifi, sannan ridi ya rufe su duka. Gefen da ya kalli sama na nan da sauran ƙaras. Gefen da ya kwanta kan shinkafa ya jiƙe ya yi laushi, ya saki mai da romo suka gangara cikin ƙwayoyin. Anagon narkewa yake yi tun kafin haƙori ya same shi.

A nan na fahimci inda aka dosa. Mai tendon ba tempurar yake yi wa hidima ba, shinkafar yake yi wa. Shinkafar Japan gajera ce mai danƙo, ana dafa ta ba gishiri ba mai, fara fat, kuma ita kaɗai ba ta da abin faɗi sai ɗan zaƙinta. Rigar fulawar nan ita ke ɗauko mai da romo ta kai mata, kuma ba za ta iya ba sai ta jiƙe. In ka kai tsakiyar kwanon, inda ɓarɓashin ƙullu ya cakuɗe da shinkafar da ta rine, ka iso wurin da aka yi girkin dominsa. Ba abin kunya ba ne ka ɗaga kwanon da hannun hagu ka kai kusa da baki, haka kowa ke yi. Abin da ba a yi shi ne soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, don haka ake ajiye wa mamaci.

Ba zan ɓoye ba, kashi na ƙarshe na kwanon yana da nauyi. Mai ne da sukari da shinkafa, ciki kuma ya san abin da aka zuba masa. Shi ya sa ake haɗo shi da 'yar miyar miso da tsamammen ganye da shayi mai ɗaci, kuma wanda ya raina su a farko zai neme su a ƙarshe. Akwai ɗan garin yaji mai haɗi bakwai a kan kanta, shichimi. Na barbaɗa, na ƙara, na kuma ƙarawa, har dattijuwar ta dube ni ta dubi kwalbar. Ƙamshi gare shi, zafi kam sai a hankali.

Romon nan shi ne inda mai kiyaye addini zai tsaya ya yi tambaya. Abu huɗu ake haɗawa: shoyu, wato baƙin ruwan waken soya da alkama da aka tsima, sukari, ruwan busasshen kifin katsuo da ganyen teku, sai mirin. Mirin daga shinkafa ake yin sa, kuma na ainihi yana da sinadarin barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Masu girki sukan tafasa shi har barasar ta tashi, sai dai ba kowane malami ne wannan ya gamsar ba, kuma hukumomin da ke ba da takardar halal ba sa amincewa da shi. Shagon da muka je mai shi yana da tukunya ta biyu da ba a sa mirin ba, saboda baƙin Malesiya da Indonesiya da suka yawaita, kuma ba ya soya nama a kaskonsa. Irin waɗannan wurare suna ƙaruwa a Tokyo, har ƙaramar hukumar Taito, wadda Asakusa ke cikinta, tana taimaka wa masu gidajen abinci da kuɗin neman takardar. Jatan lande da sauran halittun ruwa kuwa ba su da matsala a mazhabar Malikiyya.

Yau tempura ta rabu gida biyu. Ɗaya ta hau sama. A unguwar Ginza ta Tokyo akwai irin su Fumio Kondo, wanda ya yi suna da suyar kayan lambu, musamman wani katon gunduwar dankali da yake soyawa a hankali kusan rabin awa. A irin waɗannan wurare kana zaune ana ajiye maka ɗaya-ɗaya a kan farar takarda, ka dangwali gishiri ka ci nan take, kuɗin kuma ya wuce yen 10,000 ba wasa. Wannan salon mara nauyi yana da dangantaka da yankin Osaka, inda aka fi son mai marar launi irin man angurya, kuma ya bazu a Tokyo bayan girgizar ƙasar 1923, lokacin da masu girki suka yi ta ƙaura tsakanin biranen biyu. Abin dariya, ko a can in an gama jera maka na alfarma, da ɗan ƙaramin kwanon tendon ake sallamarka.

Ɗayar ta sauko ƙasa, inda ta fito. A 1989 Yoshio Iwashita, wanda yana cikin waɗanda suka kafa McDonald's a Japan, ya buɗe shagon Tenya na farko a kasuwar ƙarƙashin ƙasa ta tashar jirgin Tokyo. Matsalarsa ita ce mai suya na kirki sai ya shekara da shekaru yana koyo. Sai ya sa injin a madadinsa: a ɗora abin a kan bel, ya ratsa cikin mai da aka daidaita zafinsa, ya fito ta ɗaya gefen a soye. Ɗalibin da aka ɗauka aiki jiya ma zai iya. Kwano ya tsaya a yen 500, tsaba ɗaya, kuma ya daɗe a haka kafin tsadar kaya ta ɗaga shi. Masu ganin kansu sukan taɓe baki. Ni dai ina ganin ma'aikacin ofis da ke cin na injin a cikin minti goma ya fi kusa da kafintan Edo fiye da mai zaman kanta a Ginza.

Wanda ban yarda da shi ba shi ne sabon yayin da ya zo da wayar hannu: a tsattsayar da tempura tsaye cikin kwano, a jingina ta da faranti, a tula ta har ta fi shinkafar yawa, a ɗan yayyafa romo don kada ƙaras ya lalace. Yana kyau a hoto, layi kuma har bakin titi. Amma in ka gama da na saman sai ka tarar da farar shinkafa a ƙasa tana kallonka, ba abin da ya same ta.

Saura ridin da hancina ya gane. Tsofaffin gidajen Tokyo da man ridi suke suya, wasu zalla, wasu a gauraye, shi ke ba tendon ɗinsu duhu da ƙamshi, kuma yana jure wuta ba ya saurin lalacewa. To amma Japan kusan ba ta noma ridi. Abin da take samarwa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da take ci ba, sauran duk a jirgin ruwa yake zuwa, sama da tan 150,000 a yawancin shekaru. Wanda ake matsewa a yi mai galibi daga Afirka yake, kuma Najeriya na sahun gaba, tare da Tanzaniya da Burkina Faso. Buhun da aka auna a Maigatari ko Doma, ya bi ta Dawanau aka tankaɗe shi aka cire tsakuwa, ya shiga kwantena a Legas, yana iya ƙarewa a matsar kamfanin Kadoya da ke tsibirin Shodoshima tun 1858, ko ta Takemoto, wanda ya fara matsar mai a 1725.

Masu sayen nan ba su da sauƙi. Tun 2006 Japan ta tsaurara dokar ragowar maganin ƙwari a kayan abinci, kuma in aka gwada kaya a tasha aka ga ya haura ƙa'ida, ba zai shiga ƙasar ba. Suna duba yawan man da ke cikin ƙwayar, suna duba ko ta fara tsami, suna duba fumfuna. Yawancin abin da ke kayar da kaya tun a gona yake farawa: a yanke ridi a jingine shi ya bushe, a kaɗe shi a ƙasa ba shimfiɗa, ko a ɗura shi a buhu da sauran danshi, ko a zuba masa maganin ajiya da aka saya a bakin kasuwa ba a san sunansa ba. Dillalan Dawanau da ke hulɗa da Japan sun san wannan, shi ya sa sukan tura hannu har tsakiyar buhu su damƙo, su murza, su shinshina, kafin a fara maganar kuɗi.